Babi na Huɗu: Bayani, Gurbi da Tallafi a Manyan Makarantu

Me ya sa yaro zai ci maki 250 a jarrabawar JAMB ya ƙare a zaune a gida, abokinsa kuma da ya ci 190 ya samu gurbi har ya fara shiga aji? Duk shekara, da zarar jami'o'in Najeriya sun fara fitar da sunaye, wannan tambaya ce ke yawo a majalisu da gidajen biki da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Amsar da aka fi bayarwa ita ce hanya: wane yana da wani a sama, wane ba shi da kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babu mai rantsuwa cewa alfarma ta ƙare a ƙasar. Amma idan aka bi irin waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa abin da ake tararwa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi ciwo. Mai 250 likitanci ya nema, inda dubbai ke rububin kujeru kaɗan, mai 190 kuwa aikin gona ya nema, a sashen da ke cigiyar ɗalibai. Ko kuma an ba mai 250 ɗin gurbi, bai buɗe shafin da zai gani ba har wa'adin karɓa ya wuce. Ɗaya ya san wani abu, ɗayan bai sani ba.

Bayanan da ke tafiyar da ilimi mai zurfi hanya biyu suke bi. Akwai masu hawa, daga ɗalibi da makaranta zuwa ga hukuma: sunaye, makin jarrabawa, yawan malamai, yawan kujeru. Da su gwamnati ke tsara manufa da rabon kuɗi. Akwai kuma masu saukowa, daga hukuma zuwa ga ɗalibi da iyayensa: ƙa'idojin shiga, ranakun rufe rajista, inda tallafi yake da yadda ake nemansa. A 'yan shekarun nan Najeriya ta yi nisa wajen gyara hanyar hawa. Ta saukowa ce har yanzu take cike da ramuka.

Yadda aka tattara sunaye wuri ɗaya

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta ta shiga, ita ke zaɓen ɗalibanta. Ɗalibi mai ƙoƙari, wanda iyayensa ke da kuɗin mota, sai ya zagaya Ibadan da Legas da Zariya, ya samu gurbi a wurare uku, ya zaɓi ɗaya. Sauran kujeru biyun su zauna babu kowa, domin babu jami'ar da ta san abin da 'yar'uwarta ta yi. Wannan asara ce ta sa gwamnatin soja ta lokacin ta kafa hukumar JAMB, don a samu rajista guda da kowa zai bi ta cikinta. Daga baya aka shigar da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, a 2010 aka haɗe jarrabawar ta zama guda, a 2015 kuma aka daina amfani da fensir da takarda, kowa ya koma kwamfuta.

Babban sauyi ya zo a 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, lokacin da aka ƙaddamar da tsarin da ake kira CAPS. A wannan tsari makaranta ce ke ba da shawarar wanda za a ɗauka, JAMB ta duba ko an bi ƙa'ida ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Duk gurbin da aka bayar ta bayan fage ba shi da rajista, kuma wanda sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta sani zai gamu da cikas ranar da ya zo tafiya hidimar ƙasa. Daga 2021 aka ƙara sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista, abin da ya rage masu yin rajista da suna biyu da masu ɗauko sojan gona ya rubuta musu.

Ta fuskar hukuma wannan nasara ce babba. A yau za a iya faɗin mutum nawa suka nemi kowane kwas a kowace makaranta, daga wace jiha, maza nawa mata nawa. Sai dai tsarin ya ɗora wa ɗalibi nauyin da da can ba shi da shi. Shi zai tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin, shi zai riƙa leƙawa, shi zai amince idan makaranta ta sauya masa kwas. Yaron da ke Birnin Kudu ko Illela, wanda wayar yayansa yake ara, wanda kuma tun ranar rajista mai shagon intanet ne ya buɗe masa adireshin imel ya riƙe lambar sirrin, yana iya rasa gurbin da ya riga ya samu ba tare da ko mutum ɗaya ya zalunce shi da gangan ba.

Ƙa'idojin da ke rubuce amma ba a karanta su

Babu abin da ke ɓoye a ƙa'idojin shiga jami'a. Duk suna cikin kundin JAMB, wanda ke kan intanet kyauta. Matsalar ita ce kundin da Turanci yake, yana da tsawo, kuma an rubuta shi ne kamar don ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai.

A ɗauki zancen mafi ƙarancin maki. Duk shekara shugabannin makarantu na zama da JAMB da ministan ilimi su tsayar da shi. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Da labarin ya fita a rediyo, iyaye da yawa sukan ɗauka duk wanda ya haura 150 ya ci. Alhali ma'anarsa kawai ita ce babu jami'ar da za ta sauko ƙasa da haka. Kowace tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa, bayan an haɗa da sakamakon tantancewar da jami'o'i ke yi da kansu tun 2005. A likitanci da lauya akwai wani shingen kuma: majalisun da ke kula da waɗannan sana'o'i su ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Ko mutum dubu biyar ne suka cancanta, kujerun ba za su ƙaru ba.

Sai haɗin darussa. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ne ke tsayar da su. Mai neman likitanci sai ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai neman injiniya kuma Lissafi ne a madadin Bayoloji. Wanda ya kuskure darasi ɗaya, ko da ya ci 300, ya rubuta jarrabawar wani kwas ne daban. Irin wannan kuskure a minti biyu ake yin sa a shagon rajista, layi na bayan yaro, mai shago na gaggawa, kuma shekara guda yake ci.

Akwai kuma rabon guraben jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, wato jihohin Arewa da wasu na Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. An yi wannan tsari ne musamman don irin ɗaliban da ke karanta wannan littafi. Amma ɗalibin da bai san jiharsa na cikin kewayen wace jami'a ba zai iya tsallake inda yake da dama sau biyu ko uku, ya kai kansa inda dama ɗaya tak yake da ita. Halin da yake ciki daidai yake da na manomin da ya kai hatsinsa kasuwa bai san farashin Dawanau ba: kayansa masu kyau ne, ciniki ne dai aka yi shi cikin duhu.

Abin da gwamnati ke ƙirgawa

Tun farkonsa, tsarin jami'o'in Najeriya a kan lissafi aka gina shi. A 1959, ana shirin karɓar mulkin kai, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba irin ma'aikatan da ƙasar za ta buƙata cikin shekara ashirin masu zuwa. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Frederick Harbison, shi ya yi ƙiyasin yawan likitoci da injiniyoyi da malamai da sauransu. Rahoton ya fito a 1960, kuma zuwa 1962 ƙasar na da jami'o'i biyar, ciki har da ta Ahmadu Bello a Zariya. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, wadda har yau ita ke tantance kwasa-kwasai, tana tura tawaga ta ƙirga malamai da littattafai da kayan ɗakin gwaji kafin ta amince da sashe.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin alƙaluma shi ne na 2012. Shekaru ana jayayya tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU: malamai na cewa jami'o'i sun lalace, gwamnati na cewa ana zuzutawa. Sai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda a lokacin yake shugabantar asusun TETFund, ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga komai da ido. Rahoton ya nuna cewa malaman da ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba, ɗakunan kwana ba su ɗaukar fiye da ɗan ƙaramin kaso na ɗalibai, ana leƙen lacca ta taga, a wasu ɗakunan gwaji ma da risho ake ɗumama sinadarai. Kwamitin gwamnati ne ya faɗa, don haka babu sauran musu. A kan wannan rahoto aka tsaya a yajin aikin 2013, wanda ya ɗauki daga Yuli zuwa Disamba, ya ƙare da alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, aka fara da biliyan 200. Ragowar alkawarin shi ya zama abin rigima na shekarun da suka biyo baya. Alƙaluma sun iya kashe gardama a kan ko akwai matsala, amma ba su da ikon tilasta wa baitulmali ya saki kuɗi.

Hatta yajin aikin 2022, wanda ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wani ɓangarensa rigima ce a kan wa zai riƙe bayanai. Gwamnati ta ce a biya kowa ta manhajar albashi ta IPPIS don a kori ma'aikatan bogi. Malamai suka ce manhajar ba ta san yadda jami'a ke aiki ba, ba ta san malamin ziyara ko mai hutun bincike ba, suka kawo tasu mai suna UTAS. A Disamban 2023 gwamnati ta amince ta cire manyan makarantu daga IPPIS.

Abin da ba a ƙirgawa

Duk wannan lissafi a bakin ƙofar shiga ya taru. An san wanda ya nema, an san wanda aka ɗauka. Abin da ke faruwa bayan nan shi ne ba a cika bibiya ba. Cikin ɗalibai ɗari da suka shiga wani sashe, nawa ne suka gama a kan lokaci? Nawa suka bari a aji biyu saboda kuɗin rajista, ko aure, ko rasuwar mahaifi? Waɗanda suka gama, ina suke bayan shekara uku? Kowace makaranta na da wani abu a fayilolinta, amma uban da ke shirin sayar da gona ko shanu don karatun ɗansa ba shi da inda zai duba ya kwatanta wannan sashe da wancan.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan aikin hukuma. A Birtaniya tun 2005 ake tambayar ɗaliban ajin ƙarshe ra'ayinsu game da koyarwar da suka samu, ana kuma bin waɗanda suka gama bayan wata goma sha biyar a ji ko suna aiki da irin aikin, sannan a wallafa sakamakon kwas-kwas. A Amurka tun 2015 akwai shafin gwamnati da ke nuna kuɗin kowace kwaleji, da yawan masu kammalawa, da abin da tsofaffin ɗalibanta ke samu. Waɗannan ma'aunai na da nasu aibin. Albashi ba shi ne kaɗai amfanin ilimi ba, kuma idan aka bi shi kaɗai, sashen da ke yaye malaman firamare zai fito kamar wanda ya gaza alhali shi ke riƙe da al'umma. Duk da haka, ma'auni mai aibi da aka san aibinsa ya fi jita-jita.

A nan akwai abin lura ga duk mai karanta alƙaluman hukuma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. Na farkon 2023 kuwa ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka aka samar ba a tsakani, ma'anar "mai aiki" aka sauya ta dace da ta ƙasashen duniya, ta yadda wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya shiga lissafi. Mai digirin da ke sayar da katin waya a bakin titi yanzu mai aiki ne a takarda. Duk wanda zai tsara yawan guraben jami'a bisa irin wannan adadi, sai ya fara tambayar yadda aka ƙirga.

Bashin karatu da rajistar masu bashi

Babu inda darajar bayanai ta fito fili kamar a bashin karatu. Ba yau Najeriya ta fara shi ba. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. An ba da kuɗin, amma karɓo su ya gagara, domin da ɗalibi ya gama ya bar makaranta, babu hanyar sanin inda ya shiga. Ba lambar shaida, ba adireshi tsayayye, ba rajistar ma'aikata da za a duba. Bankin ilimi da aka kafa da doka a 1993 don ya gaje ta shi ma bai yi nisa ba. Ostireliya kuwa, da ta fara nata tsarin a 1989, ta damƙa karɓar bashin ga hukumar haraji, wadda dama ta san abin da kowa ke samu, sai ta riƙa cira idan samun mutum ya kai wani mataki. Bambancin ƙasashen biyu ba na gaskiyar ɗalibai ba ne, na rajista ne.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a Yunin 2023. Dokar farko ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: kada samun iyali ya wuce naira 500,000 a shekara, kuma sai an kawo masu tsayawa biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Nan ma matsalar bayani ce ta kayar da ita. A ƙasar da yawancin mutane manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wa zai tabbatar da abin da iyali ke samu a shekara? Ɗan talakan da aka yi dokar dominsa kuma, ina zai samo babban ma'aikacin da zai tsaya masa? A Afrilun 2024 aka soke ta aka kafa sabuwa wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya buɗe shafinsa.

Sabon tsarin ya jingina ne da lambobi. Ɗalibi zai kawo NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar JAMB, da lambarsa ta makaranta. Asusun na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma tura wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 duk wata ta ɗawainiya. Bashin ba shi da ruwa, wanda wannan bayani ne mai nauyi ga iyalan Musulmi da ke gudun riba. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗaliban Arewa sun karɓi tsarin hannu biyu, har jami'o'in Maiduguri da Bayero suka kasance a sahun gaba wajen yawan masu nema.

Amma sarƙa ce, kuma kowace mahaɗa na iya tsinkewa. Ɗalibi ba zai iya nema ba sai makarantarsa ta ɗora sunayen ɗalibanta a rumbun asusun, kuma jinkirin wasu makarantu wajen yin haka ya tsayar da ɗalibansu a farkon shirin. Idan sunan da ke NIN ya saɓa da na JAMB, ko da harafi ɗaya ne, na'ura na iya ƙin amincewa. Wannan ya fi shafar masu suna irin su Muhammad da Abubakar da A'isha, waɗanda ake rubutawa ta hanyoyi da yawa, da waɗanda a wata takarda sunan mahaifi suka sa, a wata kuma sunan gari. A 2025 kuma aka yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ɗaliban kuma sun riga sun biya daga aljihunsu, har hukumomi suka shiga bincike. Kuɗi sun iso, labarinsu ne bai iso ba.

Ragowar tallafin ma haka yake a warwatse. Akwai na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai na asusun PTDF ga masu karatun fannin man fetur, akwai na hukumomin jihohi, da na kamfanoni da gidauniyoyi. Kowanne da shafinsa da lokacinsa da takardun da yake nema. Wanda ke da ɗan'uwa a ma'aikata yakan ji tun kafin a buɗe. Wanda ba shi da shi yakan ji bayan an rufe, ko kuma ya faɗa hannun masu shafukan bogi da ke karɓar "kuɗin fom" na tallafin da babu shi.

Sanarwa kaɗai ba ta wadatar ba

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a yawaita sanarwa. Wani gwaji da aka yi a Amurka ya nuna iyakar wannan dabara. A can, ɗalibin da ke neman tallafin gwamnati sai ya cike wani dogon fom da ake kira FAFSA, mai tambayoyi fiye da ɗari a lokacin. Masu bincike suka haɗa kai da kamfanin H&R Block, wanda ke taya mutane cike takardun haraji, a jihohin Ohio da North Carolina. Aka raba iyalai masu ƙaramin ƙarfi kashi-kashi. Wasu aka ba su bayani kawai: ga tallafin da ɗanku zai iya samu, ga kuɗin kwalejojin da ke kusa. Wasu kuma, bayan bayanin, ma'aikaci ya zauna da su na 'yan mintuna ya taya su cike fom ɗin. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda aka ba bayani kawai ba su bambanta da waɗanda ba a yi wa komai ba. A cikin 'yan ajin ƙarshe na sakandare da aka taya iyayensu cikewa kuwa, masu kammala shekara biyu a kwaleji sun tashi daga kashi 28 zuwa 36 cikin 100.

Idan haka ta faru a inda fom ɗin ke cikin harshen da mutane ke magana da shi a gida, to ina ga inda uba bai yi boko ba, fom kuma da Turanci? Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi malaman ba da shawara a makarantun sakandare. A makarantun gwamnati da yawa muƙamin ko dai babu kowa a kansa, ko an liƙa wa malamin da ke da azuzuwa cike da jiransa. Gurbin da ya bari mai shagon intanet ne ya cike shi, kuma shi ciniki yake yi, ba a horar da shi ya san wane kwas ya dace da wane yaro ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da ƙananan hukumomi, da tsofaffin ɗaliban makarantu, sukan toshe wani ɓangare na wannan giɓi, kuma aikinsu ya fi yadda ake yaba shi. Jihar da ke kashe miliyoyi wajen saya wa ɗalibai fom ɗin JAMB, da za ta ware kaɗan daga ciki ta zaunar da mutum ɗaya masani a kowace makaranta na tsawon makonnin rajista, ta kuma sa a fassara ƙa'idojin a karanta su a rediyo da Hausa, da fom ɗin da ta saya sun fi haifar da gurabe.

Idan rumbun ya yi kuskure

Tattara komai wuri ɗaya na nufin kuskure ɗaya zai iya shafar jama'a masu yawa. A 2025 kimanin mutum miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar JAMB, fiye da miliyan 1.5 suka samu ƙasa da 200 cikin 400. Da farko an ɗora laifin a kan lalacin yara. Amma ɗalibai da iyaye da malamai suka dage cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba, har aka sake dubawa. A tsakiyar watan Mayu shugaban hukumar ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. An gano kuskuren ne saboda akwai bayanan da za a koma a bincika, da kuma mutanen da suka san haƙƙinsu suka ɗaga murya.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa daga rashin magana tsakanin hukumomi. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samu kwalin digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har aka tura shi hidimar ƙasa da shi, alhali ya taɓa yin ta. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo. Kowace hukuma da takardar ta ratsa tana da nata rumbun, babu dai wadda ta leƙa na wata.

Haɗa rumbunan kuma na da nasa haɗarin, domin wuri ɗaya zai ƙunshi sunan ɗalibi da hotonsa da zanen yatsunsa da asusun bankinsa da bashin da ke kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai ya tsare su, ya kuma yi amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa kawai. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ita kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati, har da jami'a, ya nemi a nuna masa bayanan da ke hannunta. Ɗalibai da iyaye kaɗan ne suka san da waɗannan dokoki biyu.

Sanin yawan ɗalibai da buƙatunsu mataki ne na farko. Na biyu shi ne inda kuɗin biyan buƙatun za su fito. Babi na gaba zai bi sawun kuɗin: harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, yadda TETFund ke raba shi tsakanin jami'o'i da kwalejoji, da dalilin da ya sa kuɗin rajista ke ta hawa a makarantun da a hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa.